Masu Tsintar Ƙaro a Injamena

Tun daga bakin ƙofar sito ake jin ƙarar, kamar ana zuba tsakuwa a faranti. In ka leƙa ciki, mata ne zube a kan tabarmi, kowace ta miƙe ƙafa, ta ja lafaya ta rufe hanci, ga tulin ƙaro a gabanta, ga kwanuka uku ko huɗu a gefe. Hannu ya ɗauka, ido ya duba, a jefa nan ko can. Wanda ya zo da ɓawon itace manne a jikinsa, a kankare da 'yar wuƙa. Wanda ya sha yashi, a ware. Hira na tafiya da Larabcin Chadi, jefi-jefi Kanuri ko Hausa su faɗo ciki, amma hannu ba ya tsayawa. Ƙurar da ke tashi fara ce, tana sauka a gira da gashin ido, in ka yi gumi ta zame maka danƙo a wuya. Haka rani yake a sitocin ƙaro na Injamena, tun daga wajen Disamba har ruwa ya sauka.

Mutanen gari samuk suke ce masa, amma a wurin mai sana'a wannan suna bai isa ba. Sai ka faɗi wanne. Akwai kitir, wato ƙaron ɗakwara, wanda mutanen Sudan ke kira hashab. Akwai kuma talha, ƙaron dushe. Na farko shi ne mai tsada. Yana zuwa a dunƙule, daga kamar ƙwan tantabara zuwa abin da ya fi haka, bayansa da 'yan tsage-tsage, in aka fasa shi cikinsa na sheƙi kamar kwalba, launinsa daga fari-fari zuwa ruwan zuma. Talha kuwa ba ya da ƙarfin jiki. Ka matsa shi tsakanin yatsu ya marmashe, ya fi duhu, kuma yana barin ɗan bauri a harshe. Aikin matan nan na farko ke nan: kada ɗaya ya shiga buhun ɗaya. Bayan haka sai a raba kitir ɗin kansa, manyan dunƙule masu haske daban, fasassu daban, tsaki daban, gari daban.

Na zauna kusa da wata dattijuwa da ke koya wa sabuwar yarinya. Yarinyar ta ɗauko wani guntu mai ja-ja ta yi ta juya shi, ta rasa kwanon da za ta jefa. "Iya, wannan fa?" Tsohuwar ko ɗaga kai ba ta yi sosai ba. "Ciza ki ji, 'yar nan." Ta ciza, abin ya ruguje mata a baki, ta yamutsa fuska. Ba sai an ƙara magana ba. Akwai kuma baƙon da ba a so ko kaɗan, ƙaron wasu itatuwa daban irin su ciriri, wanda a ƙasar Hausa ake kira mumuye. Masu tarawa a daji kan cusa shi don buhu ya yi nauyi, kuma in ya wuce idon mai tsinta har ya isa Turai, kwantena guda ce za ta zubar da mutuncin ɗan kasuwa.

Amma sana'ar ba a sito ta fara ba. Ta fara ne a dajin Shari-Bagirmi da Hajar-Lamis da Bata da Gera da Salamat da Waddai, inda itatuwan suke.

Ɗakwara ba itace ba ne mai kwarjini. Gajere ne, da wuya ya ba ka inuwar kirki, yana son jigawa da ƙasa mai ƙarancin ruwa. Ana gane shi da ƙayarsa, wadda ke fitowa uku-uku, ta tsakiya ta lanƙwaso ƙasa kamar ƙugiya, biyun gefe su kalli sama. Duk wanda ya taɓa shiga dajinsa da babbar riga ya san abin da nake nufi. Dushe shi kuma ɗan laka ne, yana cika ƙasar da ruwa ke kwanciya da damina, jikinsa kamar an shafa masa jan gari, ƙayarsa farare dogaye biyu-biyu. Ƙaron dushe yawanci da kansa yake fitowa, ta inda zafi ya tsaga ɓawo ko ƙwaro ya huda, sai a bi a tsince. Na ɗakwara kuwa sai an ji wa itacen ciwo.

Lokacin yin hakan shi ne gwanintar. Ba a yi da damina, lokacin da itace ke cikin ƙoshi. Sai ruwa ya ɗauke, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ganye ya fara yin ɗorawa yana zuba. Sannan mutum zai ɗauki ɗan gatari, ko wani ƙarfe mai dogon ƙota da ya samo asali daga Sudan wanda ake kira sonki, ya ɗan sari ɓawon reshe ya ja, ya ɗaye faɗin kamar yatsu biyu. Ɓawo kawai ake so. In ƙarfe ya ci naman itacen, reshen na iya mutuwa. Daga nan sai jira, sati huɗu zuwa shida, kafin a dawo ɗiban farko, sannan a riƙa zagayowa kamar kowane sati biyu har zafi ya yi nisa. Abin da itace ɗaya ke bayarwa a shekara, in aka yi matsakaicin lissafi, bai wuce gram 250 ba. Ke nan buhu ɗaya mai kilo 50 aikin itatuwa kusan 200 ne na rani guda. Tun da na yi wannan lissafin na daina kallon tulin buhunan sito yadda nake kallonsu a da. Ga ƙaya, ga rana, ga babbar matsalar masu ɗiba, wadda ba ta wuce ruwan sha ba, don dazuzzukan da suka fi ƙaro su ne suka fi nisa da rijiya.

To me ya sa itace ke yin wannan abu? Tsiro ba ya gudu, ba ya cizo, ba ya kore ƙuda. Ban da ƙaya, tsaronsa a cikin sinadaran da yake haɗawa yake. Ɗacin darbejiya na hana fara da tsutsa cin ganyenta. Baurin bagaruwa, wanda majema ke jeme fata da shi, an yi shi ne don ya hana dabba da fumfuna jin daɗinta. Ƙaro shi kuma maganin miki ne. In ɓawo ya buɗe a tsakiyar rani, itacen na fuskantar hasara biyu: ɗan ruwan da ya rage a jikinsa zai tsere ta wurin, ƙwari da ƙwayoyin cuta kuma za su sami ƙofa. Wurin da aka ji wa ciwo sai ya fara fitar da wata iska da ake kira etilin, ita ce dai iskar da ke nunar da ayaba da mangwaro in an rufe su. Wannan ce ke tayar da ƙwayoyin cikin ɓawo, su juya abincin da itacen ya tara da damina ya zama ruwa mai danƙo. Ruwan ya tsattsafo, iskar hunturu ta busar da bayansa, cikinsa na nan da taushi yana ci gaba da cika, har ya zama dunƙulen da muka sani. Shi ya sa masu ɗiba ke son shekarar da aka yi damina mai kyau sannan rani ya shigo da ƙarfi. Damina ce ke cika rumbun itacen, wahalar rani ce ke sa ya buɗe shi.

In aka kai dunƙulen nan ɗakin bincike, abin da za a tarar mafi yawansa sukari ne, sai dai ba irin na shayi ba. Ƙananan sukari ne iri-iri da aka ɗaure da juna dubbai. Galaktos shi ne ƙashin baya, daga jikinsa rassa na fita, a kan rassan akwai arabinos da ramnos da wani mai ɗan tsami da ake kira gulukuronik, wanda ke riƙe da kalsiyam da magniziyam da potasiyam da itacen ya zuƙo daga ƙasa. Shi arabinos ɗin ma daga ƙaro ya samo sunansa, don Turawa ƙaron Larabawa suke ce wa hajar, saboda ta tashoshin Larabawa ta riƙa isa gare su. Abin da ya bambanta ƙaro da sauran abubuwa masu danƙo shi ne siffarsa. Yauƙin kuɓewa dogayen zaruruwa ne masu sarƙewa da juna, shi ya sa kaɗan ke kaurara tukunya. Ƙaro kuwa reshe ne a kan reshe, ya dunƙule kamar ƙwallo, ba ya sarƙewa. Za ka iya narka shi da yawan gaske, kusan rabi ruwa rabi ƙaro, abin bai daina zuba daga cokali ba.

Akwai kuma ɗan abin da ya fi komai daraja a cikinsa, ga shi bai taka kara ya karya ba wajen yawa: furotin, kimanin kashi 2 cikin 100 a kitir, ƙasa da haka a talha. Kowa ya san mai da ruwa ba sa shiri. To furotin ɗin nan yana son mai, rassan sukarin da ke jikinsa kuma suna son ruwa. In aka kaɗa man ɓawon lemo a cikin ruwa tare da ƙaro, furotin zai kama kowane ɗigon mai, rassan su baje a cikin ruwa su kewaye shi, ɗigo ba zai iya haɗuwa da ɗan'uwansa ba. Ba don haka ba, da man ƙamshin lemon kwalba ya taso ya yi zobe a wuyan kwalbar kafin ta bar shago. Wannan shi ne dalilin da ya sa manyan kamfanonin lemo na duniya, duk da kuɗinsu da masanansu, har yau suke dogara da abin da makiyayi ya ɓamɓaro daga ƙaya. A jikin kwalba ko ledar alawa, lambarsa E414.

Ba a lemo kaɗai yake ba. Yana hana sukarin alawa yin tsakuwa, ana lulluɓe ƙwayar magani da shi, yana cikin fentin ruwa na masu zane, shi ne danƙon bayan kan sarki na wasiƙa a da, kuma masu ɗab'i sun daɗe suna shafa shi a farantin buga takarda. Cikin ɗan'adam ba ya narka shi kamar tuwo. Yana wucewa har babban hanji, inda ƙwayoyin halitta masu amfani ke cinye shi, kuma a Disamban 2021 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a lissafa shi cikin harzar abinci. 'Ya'yan makiyaya da ke tsotsarsa don kashe yunwa ba su jira wannan amincewa ba, haka birai da sauran namun dajin da ke hawa ƙaya dominsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda haƙorin tsohuwar nan da na'urar Turawa suka yi ittifaƙi. In mai saye a Turai yana son tabbatar da abin da aka aiko masa, narka ƙaron yake yi ya harba wani irin haske ta cikinsa. Kitir na karkata hasken hagu, wajen digiri 30. Talha na karkata shi dama, wajen digiri 50. Bambancin ya fito ne daga yadda sukarin kowanne ya jeru: talha ya fi arabinos, kitir ya fi ramnos. Duhun talha da baurinsa kuwa daga tanin ne, sinadarin nan na bagaruwa, wanda yake kwasowa daga ɓawon dushe yayin fita. Duk abin da na'urar za ta faɗa bayan wata biyu a wata nahiya, matar da ke kan tabarma ta riga ta faɗe shi da yatsa da harshe, ba tare da ta taɓa jin sunan ramnos ba.

Wannan bambanci ya taɓa zama rigimar kasuwa. An daɗe ana ja-in-ja a kan ko talha ya cancanci a kira shi ƙaron Larabawa a harkar abinci. A ƙarshen shekarun 1990 kwamitin masana na hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya ya tsayar da ma'anar da ta haɗa itatuwan biyu. Ga Chadi wannan ba ƙaramin abu ba ne, don dazuzzukanta cike suke da dushe. Dama tun Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, ƙaron Chadi ya yi araha a idon mai saye na waje, ya kuma yi tsoka a hannun mai sayarwa na gida. Daga wannan zamani ne ƙasar ta zauna daram a bayan Sudan cikin masu fitar da ɗanyen ƙaro, tana tura fiye da tan 10,000 a shekara, kuma in aka cire man fetur, yana sahun gaba tare da dabbobi da auduga da riɗi.

Tsakanin daji da sito akwai hannuwa da yawa. Mai ɗiba na kai kayansa kasuwar ƙauye, inda ake auna su da koro, kwanon awon Chadi, ɗan'uwan tiyarmu. Ƙaramin ɗan kasuwa ya tara, ya kai manyan kasuwanni irin Durbali, kudu maso gabas da Injamena, wadda sunanta ya yi fice a harkar. Sau da yawa ma kayan an riga an cinye kuɗinsu tun suna kan itace, don mai ɗiba ya karɓi bashin gero da sukari da ganyen shayi kafin ya shiga daji, kuma wanda ya ba ka bashi shi ke yanka maka farashi. Daga Durbali motoci su shigo birni. A nan ne matan ke karɓa, wasu ana biyan su a kan buhu, wasu a kan yini, aikin kuma na rani ne kawai. Ƙurar ba wasa ba ce. An daɗe da sanin garin ƙaro na tayar da asma ga masu yawan shaƙarsa, tun daga ma'aikatan ɗab'i na Turai, kuma bakin lafaya ba wata kariya ba ce ta a zo a gani.

In an gama tsinta an tankaɗe an ɗinke buhu, sai doguwar tafiya, don Chadi ba ta da teku. Tirela za ta haye gadar Ngeli a kan kogin Logon ta faɗa Kuseri, garin da aka kashe Rabe da kwamandan Faransa Lamy a rana ɗaya a 1900, wanda da sunansa aka riƙa kiran Injamena Fort-Lamy har zuwa 1973. Daga nan Marwa, Garwa, Ngaundere, har tashar jiragen ruwa ta Duwala, tafiyar kusan kilomita 1,800. Wani kason kuma kan bi ta Maiduguri ya haɗu da na Borno da Yobe da Jigawa, ta tsohuwar hanyar da fatake da mahajjatan ƙasa suka bi har Hausawa suka kafa zuriya a bakin Shari. Mafi yawan na Duwala Faransa ya nufa. A yankin Normandi akwai kamfanoni biyu da suka riƙe wuyan kasuwar duniya, Nexira da ke Rouen da kuma Alland & Robert da aka kafa tun 1884. Abin da suke yi ba sihiri ba ne: a narka, a tace, a kashe ƙwayoyin cuta da zafi, a fesa ruwan cikin iska mai zafi ya sauko farin gari. Garin nan ne ake sayar wa duniya da ninkin kuɗin ɗanye. A ganina nan ne ciwon yake. Aikin da ya fi wuya, na ƙaya da ƙishi da ido, an yi shi a nan. Aikin da ya fi riba kuwa tukunya yake buƙata da tsaftataccen ruwa da wutar lantarki marar yankewa, kuma duk mazaunin Injamena ya san labarin wuta.

Muhimmancin hajar ya fito fili a 1997, lokacin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi amma ta bar wa ƙaro ƙofa, don masana'antunta ba su da madadinsa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, Kurdufan da Darfur, cibiyar hashab ta duniya, suka zama fagen daga. Masu saye suka juyo Chadi, farashi ya tashi, kaya kuma suka riƙa tsallako iyaka daga gabas. Sai wata sabuwar tambaya ta shigo ciniki, wadda a da ba a cika damuwa da ita ba: wannan buhun daga wane daji ya fito, kuma aljihun wa kuɗinsa ya shiga? Wannan kam ko haƙori ko na'ura ba mai iya amsa ta, don ɗakwarar Waddai da ta Darfur iri ɗaya ce.

Mu dai a ƙasar Hausa ba mu taɓa rasa abin yi da ƙaro ba. Masu wankin hula da shi suke sa hula ta tsaya ƙyam a kan gungume. Duk wanda ya yi makarantar allo kuma ya san tawada ba ta kama allo sai da shi. Baƙin tukunya ko gawayi in aka dama da ruwa zalla, rubutu na bushewa zai kakkaɓe. Ƙaro ne ke rataye baƙin a cikin ruwa ya hana shi kwantawa a gindin kurtu, ya kuma manna shi a jikin allo, sannan in an zo wankewa ya saki ba gardama. Tawadar takarda ta marubuta Alƙur'ani, wadda ake dafa bagaruwa da kashin maƙera, ita ma haka: tanin ya haɗu da ƙarfe ya yi baƙi, ƙaro ya riƙe shi a bakin alƙalami. Aikin da yake yi wa man lemo a kwalba, shi yake yi wa baƙin tukunya a kurtu.

Da la'asar ta yi, aka fara auna aikin kowa, yara maza na jan buhuna zuwa sikeli, mata na kakkaɓe lafaya suna tari. Abin da ya rage a ƙasa bayan tankaɗe, gari da tsaki gauraye da ɓawo, aka share shi aka tara a kusurwa. Shi ma yana da masu saye a kasuwannin gari, masu wankin hula da masu guga da almajirai. Dattijuwar nan ta duƙa ta ɗebi cikin tafin hannu daga tulin, ta hure ƙurar, ta tsince ɓawo biyu ta yar, ta ƙulle sauran a bakin lafayarta. Jikanta ya shiga izu na biyu, in ji ta, kuma kullum sai ya dawo yana ƙorafin tawadarsa ta yi ruwa.